Azumin da Muka Sha, Ni da Takwarata

Ni ban yi boko ba, karatun allon ma iyakacina abin da zan yi salla da shi. Bakina ke faɗa, jikata Ummi ke rubutawa a na'urarta, kuma da yardarta, domin ciwon nata ne, jinyar ce tawa. Mun yi da ita ba za ta gyara mini magana ba. In an ga wani wuri ya karkace, tsufa ne da hawaye.

Bayan rasuwar mijina Malam da shekara guda ɗana ya ɗauko ni daga Azare ya kawo ni Doha. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, Baban Ummi nake cewa. A kamfanin iskar gas yake aiki, gidansu a Abu Hamour, bene, ba nisa da kasuwar kayan miya. Ita Ummi sunana aka sa mata, shi ya sa uban ba ya iya kiran sunan. Ni kuwa Takwara nake ce mata.

Abin da ya sa aka ɗauko ni shi ne abinci ya daina wuce mini. Da yara suka watse, ni da Malam mun ajiye kunya muna ci a kwano ɗaya, shekara da shekaru. Da ya tafi, in na zauna gaban kwano ni kaɗai sai maƙogwarona ya toshe. Na zo nan na tarar kowa da farantinsa a kan tebur, waya a hannun hagu. Takwara ce ta sauko ƙasa ta zauna tare da ni a tabarma. Na koya mata yadda muka taso: ƙarami shi ke riƙe kwano da hannu ɗaya kada ya juya, babba kuma in ya ƙoshi sai ya tura masa ragowa, ba a kuma mayar da ragowar babba. Takan yi dariya ta ce wannan dabara ce kawai ta tsofaffi don a wanke musu kwano. A hannunta na koma cin abinci. A lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare, cikakkiyar yarinya, ƙirar gidanmu, kumatu kamar an hura.

Ban san wanda ya fara faɗa mata magana a kan jikinta ba, ita ma ta ce ba ta iya tunawa. Abin da na sani shi ne bayan ƙaramar salla ta yi sitta Shawwal, muka sa mata albarka. Ta ɗora da Litinin da Alhamis. Ta ƙara da kwana uku na tsakiyar wata. Kafin babbar salla ta koma yi yau, sha gobe, irin na Annabi Dawuda. Gida ya cika da murna. Uban yana faɗa wa abokansa a masallaci. Hajiya Memuna, mutuniyar zangon Kumasi da ke kawo mana koko da ƙosai ranar Juma'a, takan dafa kanta ta ce Allah ya ba su irinta, a wannan zamani da 'yan mata ba su san komai ba sai hoto. Ni ma har waya na sa aka kira mini Azare na ba da labari. Wa zai ce wa yaro daina ibada?

In an kira magariba sai ta ɗauki dabino da ruwa ta ce sai ta yi isha'i za ta ci mai nauyi. Bayan isha'i ta ce cikinta ya cushe. Ranar da ba ta azumi kuma ta ce ta ci a makaranta. Ga shi ta zama mai son girki, ta yi mana dambu, ta yi mana farfesu, ta tsaya tana kallon bakinmu tana cewa a ƙara, ita ko ɗanɗanon gishiri ba ta yi. Kwanona tana riƙewa kamar da, amma in na tura mata ragowa sai ta ce za ta kai kicin ta ci can. Abaya kuma ba ta tona asirin jiki. Yarinya ta yi ta narkewa a cikin baƙin yadi, muna zaune da ita ɗaki ɗaya.

Ni na fara gani, saboda ni ke mata kitso. Gashi ya riƙa biyo mataji tuli-tuli. Na taɓa wuyanta na ji ƙasusuwa kamar na kazar da ta yi kwanci. A zafin Doha, da in ka buɗe ƙofa iska ke marinka kamar bakin murhu, ita safa take sawa da rigar sanyi. Uwar ta gano al'adarta ta ɗauke. Kuma kullum sai ta nace a kai ta filin shaƙatawa na wajen Aziziya, ta yi ta zagaya tafkin nan da sauri kamar ana binta. Wata safiya mun je sayen tumatir, tana riƙe da hannuna don kada in faɗi, sai ita ta zube tsakanin akwatunan kaya.

Makon farko a asibiti ƙarin ruwa ne da ɗibar jini. Aka ce jininta ya yi ƙasa, zuciyarta tana bugawa a hankali, aka ba mu ranar ganin wani likita can gaba da nisa. Mako na biyu da na uku layi ne. Nan ba a turereniya, inji ke ba ka lamba ka zauna cikin sanyi kana kallon allo, ni da ban san lamba ba sai in kalli fuskar uwar. Wannan likita ya tura mu wurin na ciki, na ciki ya tura mu wurin na mata, kowa ya duba nasa ya ce lafiya lau. Ina godiya, ba wanda ya wulaƙanta mu, ga tsabta, ga kujera. Amma yarinya tana ƙarewa muna yawo da takardu daga wannan ƙofa zuwa waccan.

A wannan tsakanin 'yan uwa suka buɗe mana wuta ta waya. Wannan ya ce aljani ne ya hana ta ci, a yi ruƙiyya. An yi. Waccan ta ce sammu ne, a maido ta gida. Ƙanwata ta aiko da rubutu da garin magani ta hannun wani matafiyi, har da ƙwayoyin nan da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, uwar ta zuba su a shara. Wani kawunta ya ce shagwaɓa ce ta 'ya'yan ƙasar waje, a bar ta da yunwa za ta nemi tuwo da kanta. Uban, mutum mai sanyi da ban taɓa jin muryarsa a sama ba, ya buga tebur wata rana har ruwa ya zube, ya ce sai ta cinye abin da ke gabanta. Ta kalli shinkafar nan kamar an ajiye mata kunama. Ya tashi ya shiga ɗaki, na ji shi yana kuka.

Sai a wata na biyu muka dace da likitar da ta san ciwon. 'Yar Sudan ce, ta ce kakanninta Hausawa ne da suka tsaya a hanyar Makka, tana da 'yar Hausa irin ta tsofaffin da, har "iya" take ce mini. Ta faɗi sunan ciwon, anoreksiya, na yi ta maimaitawa har ya zauna mini. Ta ce ba aljani ba ne, ba taurin kai ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne. Tsoro ne ke shiga tsakanin mutum da abinci, ya riƙa ganin kansa da ƙiba ko da ya zama kara, kuma yana kisa. Na ce to azumin fa? Ta ce yarinyar tana son Allah da gaske, amma ciwon ya samu mayafin da ba mai iya yaye masa.

Aka kwantar da ita, aka sa mata roba ta hanci ana ɗura mata abinci. Ban taɓa ganin ƙiyayya a idon Takwara ba sai a makonnin nan. Wata nas, Sista Rifkatu, Kirista ce mutuniyar Tafawa Ɓalewa, ita ta riƙe mu. Da yake Azare ƙasar Katagum ce, in ta shigo sai ta tsokane mu ta ce, "Ina 'yan Katagum masu rowar miya?" Ni kuma in rama. Ita kaɗai ke sa yarinyar murmushi. Allah ya saka mata. Inshorar kamfani kuwa, da za ta biya in ƙafa ce ta karye, da aka ce ciwon tunani ne sai ta fara noƙewa. Filin da uban ya saya a Azare don ya yi gini a nan ya tafi.

An sallame ta ta ɗan ciko. Muka yi sadaka. Ba a jima ba ta koma gidan jiya. Aka sake kwantarwa, aka sake sallama. Haka muka cinye shekara muka shiga wata, 'yan ajinsu suka wuce jami'a, ita tana tsakanin gado da sikeli.

Tana da wata ƙawa a waya, Baturiya, a wata ƙasar Turai mai sanyi. A wani zauren intanet na masu irin ciwon suka haɗu. Ta girmi Takwara, ta kuma daɗe cikin ciwon tun tana 'yar ƙarama. Sunanta bai zauna a harshena ba, sai nake ce mata Mai Kyanwa, don duk sanda suke magana ta bidiyo akwai wata jar kyanwa a cinyarta. Takan ɗaga mini hannu, Takwara ta koya mata "sannu Kaka", ta riƙa faɗa a karkace muna dariya. Idanunta manya, fuskar duk ido ce. Na riƙa sa ta a addu'a tare da tawa.

Sai ga Takwara ta sauya. Ta natsu, ta daina faɗa da uwar, har tana cin abin da aka auna mata ba gardama. Ta ce ta gaji da zama, tana son karatu, kuma ta samo makaranta a ƙasar su Mai Kyanwa. Uban ya yi farin cikin da ya daɗe bai yi ba, ya shiga neman biza. Ni dai natsuwar ba ta kwanta mini ba. Na taɓa ganin irinta a fuskar Malam, makon da ya kira yara ya raba musu littattafansa.

Wata la'asar ina taje mata ɗan gashin da ya rage, na ce kwana biyu ban ga Mai Kyanwa ba. Ta ce ta rasu. Na yi salati, na ce ciwon ne? Ta ce a'a, ba kamar yadda nake zato ba. Ta ce a ƙasarsu akwai doka, in mutum ya gaji da wahala, likitoci suka yarda ciwonsa ba ya warkewa, sukan taimaka masa ya mutu. Mai Kyanwa ta nema, an yi ta zama a kanta, daga ƙarshe aka yarda. Ta zaɓi rana, ta ba maƙwabciya kyanwar, uwarta na riƙe da hannunta.

Mataji ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Takwara, karatun da za ki je ke nan?"

Ta ce, "Kaka, na gaji. Ku ma kun gaji. Baba ya sayar da filinsa. Likitoci ne fa suka faɗa, ba ni ba, sun ce irin namu wani ba ya warkewa. Ita ta huta." Ta kama hannuna ta ce amana ce, kada in faɗa wa kowa.

Na ce mata amanar da za ta kai ki kabari ba ni ce mai riƙe ta ba. Na ce ba zan zagaya bayanki ba, a gabanki zan faɗa.

Washegari a gaban likita, a gaban iyayen, na faɗa. Likitar ba ta yi mamaki ba, shi ya fi tsorata ni. Ta ce gaskiya ne akwai ƙasashe masu wannan doka, wasu kuma suna kan muhawarar kafa ta. Ba wai da saukar mutum daga jirgi ake yi masa ba, amma ƙofar tana nan, kuma yaran nan sun san da ita, suna faɗa wa juna. Ta ce an fi kawo hujjar dokar da waɗanda ciwo ya riga ya gama da su, sai ga shi a wasu wurare ana lissafa 'yan mata masu ciwon abinci a ciki, kuma da yawa daga masu jinyar wannan ciwo hankalinsu a tashe yake. Ta ce ita da idonta ta ga waɗanda aka fid da rai da su sun tashi bayan shekaru, sun yi aure, sun kawo mata 'ya'yansu. Sannan ta faɗi maganar da har yau nake juyawa:

"Iya, ƙwaƙwalwar da ba ta ci ba, yunwa ce ke magana da bakinta. In kika tambaye ta ko tana son rayuwa, ciwon ne zai ba ki amsa."

Ni ba malama ba ce. Na san addininmu ya hana, kuma rai na Mai shi ne. Amma ba zan zagi uwar Mai Kyanwa ba, ina jin ta yi shekaru tana kallon abin da na kalla. Na kuma san azabar ciwo. Malam da ƙodarsa ta lalace, a kwanakin ƙarshe ni da bakina na roƙi Allah in babu sauran kwana ya sauƙaƙa masa. Saboda haka na san kamannin wanda tafiya ta zo masa. Takwara ba ta kama da shi ba. Yarinya ce da wani abu ya shaƙe, yana raɗa mata cewa ita nauyi ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ita kaɗai ke wannan tunani, za mu ce mata ƙarya ne. To ga masu farar riga a wata ƙasa sun sa hannu sun ce wa ƙawarta gaskiyarki. Yaya tsohuwa irina za ta yi musu da likita? Masu rubuta irin wannan doka ba su san da mu ba, ba da mu suke ba, amma ta biyo waya ta same mu har Abu Hamour.

Uban ya fasa tafiyar. Aka sake kwantar da ita, wannan karon da mai zama da ita tana jin abin da ke ranta. Takwara ta daina yi mini magana. In na shiga ta juya fuska bango. Makonni ina zuwa ina zama a kujera ina jan carbi, in lokaci ya cika in tashi. A gida na koma cin abinci ni kaɗai, ko in ce na koma kallonsa.

An sallame ta ana saura kaɗan azumi. Likita ta ce ko kusa kada ta yi, kuma abincin rana ba fashi. Takwara ta ce wannan kam ba mai hana ta, farilla ce. Uban ya kai ta wurin limaminsu, ya ce mata mara lafiya Allah da kansa ya ɗauke masa, kuma wanda azumi zai halaka shi in ya yi ya saɓa. Duk da haka ba ta ci ba. Ku duba: gari duk ya kame baki, shaguna a rufe, gidan ba ƙamshin komai, ita kaɗai za a ajiye wa faranti da rana tsaka. Uwar ta ajiye, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi. Kwanakin farko haka suka wuce, na ga muna komawa bakin ramin da muka fito.

Ni ina da ciwon suga. Shekaru likitana yana cewa in bar azumi in ciyar, ina ce masa to, in fita in yi abina. Tun ina budurwa ban sha azumi da gangan ba sai na uzurin mata. Shekarar da Malam ya rasu ma, cikin takaba, na yi shi cur. Shi ne abin da nake ganin zan je gaban Allah da shi. Na kira likitar Takwara ta wayar uwar na faɗa mata abin da nake nufi. Ta ce in yi, amma kada in taɓa ce mata in ba ki ci ba ba zan ci ba, kada in ɗora mata wani nauyin. Na ce na ji.

Da aka yi azahar na sa uwar ta zuba abin da aka auna wa yarinyar tare da nawa a kwano ɗaya, tuwon shinkafa miyar taushe. Na ja labule, na shimfiɗa tabarma a ɗakinta, na zauna. Na ce, "Takwara, zo ki riƙe mini kwano."

Ta juyo. Ita ce maganar farko da ta yi mini tun ranar nan: "Kaka, azumi fa ake."

"Na sani. Likitana ya gaji da ƙaryata. Kuma kin san ba na iya ci ni kaɗai."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta sauko ta kama bakin kwanon. Na yi bisimilla na yanko loma. Rana tana leƙowa ta gefen labule, ana jin karatun Alƙur'ani daga gidan maƙwabta, ni tsohuwa da furfura ina kai tuwo baki. Hawaye suka zubo cikin miyar. Na haɗiye da ƙyar. Ta ce mini a hankali, yaya na ji?

Na ce, "Kamar na yi sata. Kamar kowa yana kallona."

Ta ce, "Haka nake ji kullum, Kaka. Kowace loma."

Shekara biyu ina jinyar yarinyar nan, sai a ranar na san ciwonta. Na ci abin da zan iya, na tura mata kwanon kamar yadda aka saba, ban ce komai ba. Ta dube shi. Ta ce, da 'yar muryar tsokanar nan tata da na yi kewa, wai har yanzu ban bar dabarar a wanke mini kwano ba. Ta sa hannu. Ba ta cinye ba, kuma abin da ta ci ya kai mu har kiran la'asar, tana ci tana kuka, ina riƙe mata kwanon, ni babba. Haka muka yi watan nan duka a bayan labule. Uban yana kai ciyarwata tantin buɗa-baki na leburori.

Ba zan ce ta warke ba, kada in yi ƙarya. Har yanzu muna zuwa asibiti, akwai ranakun da kwanon ke dawowa da nauyi. Amma gashinta ya fara kama kitso, ta fara karatu a nan Doha, kuma kwanan baya ta ce mini tana son ta koyi tuƙi don ta riƙa kai ni kasuwa. Wanda ke shirin tafiya ba ya koyon tuƙi.

Abin da ya sa na ce a rubuta: iyaye, in yarinya ta yawaita azumin nafila, ku sa mata albarka, amma ku zauna ku ga buɗa-bakinta da idonku. Masu dokoki kuma, in wannan ya kai kunnen wani, ga tawa nan da rai, wadda bara ta rantse ba ta son kwana. Mai Kyanwa kullum tana raina. Ban san yadda ake yi wa irinta addu'a ba, sai in ce Allah ka san ta, ka ga wahalarta. Ina tuna uwarta, ina tuna jar kyanwar nan a gidan maƙwabta.

Mai rubutun ta ce an kira azahar tun ɗazu, kuma surutuna ya sa miya ta huce. Ajiye na'urar haka nan, Takwara. Wanko hannu ki zo ki riƙe mini kwano.